Wa yake cin moriyar yawon buɗe ido na kare muhalli?

Malama: An faɗa a wannan zaure jiya cewa kai baƙi su ga daji da namun dawa, su biya kuɗin da za a kula da wurin, riba biyu ce, ga dajin da kuma mutanen da ke kewaye da shi. Ni dai ban gamsu ba. Lokacin da Uganda ta mayar da dajin Bwindi gandun ƙasa a 1991, an fitar da al'ummar Batwa, waɗanda suka rayu a cikinsa tun kaka da kakanni, kuma a yau abin da ya rage wa wasunsu shi ne su yi wa baƙi rawa, su murza itace biyu su nuna yadda iyayensu suke haɗa wuta.

Alhaji: Malama, ba zan musa abin da ya sami Batwa ba, amma a dubi Ruwanda. Tun 2017 baƙo yana biyan dala 1,500 domin ya yi awa ɗaya kacal tare da gorilar dutse, wato wani irin goggon biri, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen ƙasar ana ware shi ne ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Yanzu yawan waɗannan birrai a duniya ya haura dubu ɗaya. Da babu kuɗin baƙi, da me za a biya masu gadin daji?

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, akwai wani gefen da ba a cika taɓawa ba. An ƙayyade mutum takwas ga kowane garke a rana, an kuma hana matsawa kusa da birran, domin murar da ɗan Adam zai warke daga ita cikin mako guda tana iya kashe su. Sai dai wanda ya zuba wannan kuɗi yana son hoto na kusa, jagora kuwa yana sa ran ihisani, don haka dokar takan sha kashi. Ga kuma hayaƙin jirgin da ya ɗauko baƙon daga Turai ko Amurka, wanda ba ya shiga lissafin kowa.

Malama: Alhaji, tambayarka ita ce ainihin damuwata. A 2020, da korona ta tsayar da jirage, kuɗin baƙi ya ɗauke cak, gandaye da dama a Afirka suka shiga wahalar biyan ma'aikata. Manomin da ya bar gona ya koma dakon kayan baƙi ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Alhaji: Wannan na yarda da shi, dogaro da baƙo kaɗai kasada ce. Amma idan aka rufe ƙofa gobe, masu haƙar ma'adinai da masu saran katako ne za su shigo, kuma su ba sa ware wa ƙauye ko kashi ɗaya.

Ɗalibi: To kashi 90 da ya rage fa, ranka ya daɗe, wa ke da ta cewa a kansa? Ƙauyen da birran suke cinye masa amfanin gona yana da kujera a wurin rabon?