Ɗan Sha Uku a Kan Babur: Musayar Waƙa Kan Yaran Tailan

Baƙon Isan (Litinin, 3:10 na rana)

Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba, aiki ne ya sha kaina. Shekarata ta uku ke nan ina koyar da Turanci a wata makarantar karkara a lardin Khon Kaen, arewa maso gabashin Tailan, yankin da ake kira Isan. Abin da nake gani kullum a bakin get ne ya sa ni wannan. Amsa-amon "ya" ne, mai shiga ya shigo da shi.

Da sunan Allah zan fara batu,
Na yaran Tailan bisa kan hanya.

Safiya ta yi, ku zo mu tsaya get,
Ku ga babura sun cika farfajiya.

Ɗan sha uku ne ke riƙe da kai,
Ƙafa ba ta kai ƙasa in ya tsaya.

Ya goyo ƙanwa, ya goyo ƙane,
Su uku a sirdi, jaka a wuya.

Hular kwano tana cikin kwando,
An ajiye ta kamar kayan miya.

Sai an hango ɗan sanda a nesa,
A kifa ta a ka ba ɗaurin igiya.

Doka ta ce sai sha biyar cif,
Kafin a ba ka lasin tafiya.

Shi ma ƙaramin inji kaɗai ne,
Si-si ɗari da goma, ban da ɗoriya.

To wa ya miƙa masa makulli?
Ku ba ni amsa ta tsakani da gaskiya.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya (Litinin, 3:32 na rana)

Malam Baƙo, sannu da tsaron get,
Ashe gadi ka je yi can Asiya.

Mun ce kana can kana ba da ilmi,
Ashe kana can kana ƙirga taya.

Ni na hau babur ina sha biyu,
Ga ni da raina, ƙalau lafiya.

Yaro da babur ai ɗan hali ne,
Wa ke koya wa ɗan kada ninƙaya?

Uwar Biyu (Litinin, 9:05 na dare)

Kai Mai Ritaya, wace lafiyar?
Mun san ƙafar hagu, mun san tafiya.

Ranar walimar nan da ka zo mana,
Da sanda ka zo, kana jan ƙafa ɗaya.

Ɗan kada in ya faɗi, ruwa ne,
Kwalta ba ta san wasan ninƙaya.

Ni dai uwa ce, uwa nake zargi,
Da uban da ya saya don fariya.

Ta Damagaram (Litinin, 9:11 na dare)

Allah ya ja kwananki Hajiya! Baiti huɗu kawai, kin kwantar da shi ba tare da kin tashi daga tabarma ba. Maza a zo a ɗauke shi.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya (Litinin, 9:14 na dare)

Ƙafar nan rami ne ya ja mini, ba gudu ba. Kuma ina da shekara talatin da huɗu lokacin. Ke kuma ta Damagaram, kullum 'yar amshi, yaushe za mu ga baitinki ko guda?

Baƙon Isan (Talata, 2:48 na rana)

A gafarce ni, in dare ya yi muku a gida ni asuba ta kusa, awa shida ne tsakaninmu. Hajiya, ga taki.

Hajiya, ki sassauta wa uwar nan,
Tana Bankok tana aikin wuya.

Uban yana can wurin gini shi ma,
Sai ƙarshen wata ya aiko ta waya.

Kaka ce ke riƙon jikokin,
Ido ya yi rauni, ga ciwon baya.

Makarantarmu da ƙauyen nasu,
Kilomita sha biyu ce tafiya.

Motar haya mai benci biyu ce,
Takan biyo ta nan ne sau ɗaya.

In ta wuce ka, ka rasa darasi,
Sai babur, ko ka bi saniya.

Kaka ta miƙa makulli da tsoro,
Ta rataya fure a kai don kariya.

Motar da nake nufi songthaew suke ce mata, akori-kura ce aka yi wa rumfa da benci biyu a baya. Furen kuwa al'adarsu ce, suna rataya shi a abin hawa don wata aljana da suke kira Mae Ya Nang, wai ita ke tsaron matafiya. A yankin nan gidaje da yawa haka suke, tsofaffi da jikoki, masu ƙarfi duk sun tafi ci-rani. Zancen hula kuma tsoho ne. A 2014 Save the Children da AIP Foundation suka fara wani shiri da suka raɗa wa suna kashi 7, domin a lokacin yara 7 cikin 100 ne kacal ke sa hula in an goya su.

Malam Arulli (Talata, 4:20 na yamma)

Ban so in sa baki ba, amma shiru ya yi yawa. Malam Baƙo, ɗangonka "Na yaran Tailan bisa kan hanya" gaɓa goma ne. Na ƙasansa, "Ku ga babura sun cika farfajiya", sha biyu. Na ɗora su a karin Mutadarik sun ƙi hawa, na ɗora a karin Kamil sun zame. Ga "get" da ka rufe ɗango da ita alhali muna da ƙofa. Sannan ka rufe baiti da "wuya" jiya, yau ma ka sake. Maimaita ƙafiya aibi ne.

Waƙa awo ce kamar ta hatsi,
Mudu ya cika, ba ragi ba ɗoriya.

Mai hawan babur yana da doka,
Mai hawan baiti shi ma da hanya.

In yaro ba lasin ya hau titi,
Ku ma ba lasin kuka hau ƙafiya.

Ɗalibin Malam (Talata, 4:23 na yamma)

Allahu akbar! Baitin ƙarshen nan shi kaɗai ya biya kuɗin data. Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Zauren nan in ba don Malam ba da tuni ya koma wurin kiɗan ƙwarya.

Ta Damagaram (Talata, 4:31 na yamma)

Malam, da girmanka. Wuyan jiya wuyan da ake rataya jaka ne, wuyar yau wahala ce. Furta su ka ji, ko karin sautinsu ba ɗaya ba ne. Wannan gwaninta ce, tun a lakwal aka koya mana.

Malam Arulli (Talata, 4:36 na yamma)

Ido ke karanta rubutacciyar waƙa, 'yata, kuma a ido harafi huɗu ne iri ɗaya.

Ta Damagaram (Talata, 4:38 na yamma)

Yanzu kuma ido ne? Ɗazu da kunne ka auna gaɓa.

Ɗalibin Malam (Talata, 4:39 na yamma)

A dinga girmama na gaba dai.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya (Talata, 4:52 na yamma)

Malam Arulli, ɗan sandan baiti,
Ya kafa shinge a tsakar hanya.

Yara na mutuwa can a Tailan,
Shi ko gaɓa yake ƙirge ɗaya-ɗaya.

Baitinka santal kamar makara,
Tsawo ya yi daidai, rai ya yi tafiya.

Kuma ɗoriyar nan ta Baƙo ce,
Ka sato ta da rana ba kunya.

Malam Arulli (Talata, 5:01 na yamma)

Kalma ba gonar gado ba ce. Kuma ɗangonka na huɗu ya fi kowanne karyewa, kamar ƙafar taka.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya (Talata, 5:03 na yamma)

Jiya Hajiya, yau kai ma? Ƙafar nan ta shiga uku a zauren nan.

Shugaban Zaure (Talata, 6:15 na yamma)

Jama'a, saƙo takwas a jere babu babur a ciki. Mai son zancen kari ya buɗe masa wani shafin. A koma Tailan.

Ɗan Pratunam (Alhamis, 11:40 na safe)

Na makara, kaya nake haɗawa. Shekara takwas ina zirga-zirgar sarin tufafi a kasuwar Pratunam ta Bankok, don haka ni ma ina da ta cewa. Malam Baƙo ya nuna muku fuska ɗaya. Ga ɗayar, kuma da ƙwar biyar zan zo don Malam Arulli ya samu abin taunawa.

Baƙo, ka zauna cikin ƙauye a takure,
Ka zo Bankok ka ga aiki da tsakar dare,
Yara ɗari bisa titi sun tattare,
An fasa salansa, kunne ya kasa jure,
Dek waen ake ce da su gaba ɗaya.

Wannan ba ya neman hanyar makaranta,
Madubi ya cire, taya ya ƙanƙanta ta,
Wani ya kwanta a sirdi yana shan kwalta,
Wani da budurwa, sakoi ke nan sunanta,
Ba hula, ta riƙe shi da hannu ɗaya.

Wace kaka ce ta aike shi wannan?
Wane darasi ne ake yi a daren nan?
Uban da ya biya kuɗin gyaran nan,
Yana barci da fanka a ɗakin nan,
Hajiya ta faɗi daidai, ku bar jayayya.

Sunan nasu daga ƙarar injin aka samo shi, waen-waen. Abin ya ishi hukuma har a Yulin 2015 gwamnatin soja ta Janar Prayut Chan-o-cha ta fitar da umarni cewa in aka kama yaro yana tsere a kira iyayensa, in ya sake su ma tara ko ɗauri na iya hawa kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 22,491 ne suka mutu a titunan Tailan a 2016, wajen uku cikin huɗu a kan babur. Na 2021 ya sauko wajen 18,000. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 70 da 'yan kai ba.

Uwar Biyu (Alhamis, 1:02 na rana)

Allah ya yi maka albarka ƙanena. In ka tashi dawowa kar ka manta da atamfata.

Malam Arulli (Alhamis, 1:30 na rana)

"Nan, nan, nan" ba ƙaramin amsa-amo ba ne, sanda ce gurgu ya dogara. Na biyun dai ba laifi.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya (Alhamis, 2:17 na rana)

Ɗan Pratunam, na ji tarar rashin hula a can ta tashi daga bat 500 zuwa 2,000, kuɗin ƙasarsu. Ka gaya musu mun riga su. Janairun 2009 da aka ce dole sai hula, wasunmu ƙwarya suka kifa suka ɗaure da tsumma.

Doka in ta zo da tsada, Alhaji,
Talaka zai nemo mata ƙwarya.

Ka ci tarar kaka dubu biyu,
Ka hana ta shinkafar sati ɗaya.

Uwar Biyu (Alhamis, 2:25 na rana)

Hular na kwando, ba a kanti ba,
An saye ta tuni, wace tsada ce ta hana?

Na san ban rufe da "ya" ba, Malam, girki nake. A bar ni.

Baƙon Isan (Asabar, 4:55 na yamma)

Na yi shiru ne ba don gaɓa ba,
Akwai abin da ya tokare zuciya.

Akwai wani yaro a ajina bara,
Shi ke goyon ƙanwa kowace safiya.

Sunansa a ƙirji da zare shuɗi,
Farar riga, kullum da dariya.

Bikin Songkran aka aike shi ƙanƙara,
An jiƙa titi, ana ta shan giya.

Akori-kura ta fito daga kwana,
Ya taka burki, santsi ya ja taya.

Hular tana nan cikin kwandonta,
Ko ƙwarzane babu, tana lafiya.

Muka sa baƙi muka je haikali,
Hayaƙi ya tashi, kaka ta tsaya.

Mayu ta zo aka koma aji,
Na kira rajista, na tsallake ɗaya.

Songkran bikin sabuwar shekararsu ne, 13 zuwa 15 ga Afrilu, kowa na watsa wa kowa ruwa har masu wucewa a babur. Hukuma da kanta "kwana bakwai masu haɗari" take kiran makon. Yaron nan sha huɗu gare shi. Ba ya tsere, Ɗan Pratunam, ko salansarsa bai taɓa ba. Kuma Hajiya ba ki yi ƙarya ba kan hular, sau nawa na gan ta a kwando na wuce ban ce komai ba.

Uwar Biyu (Asabar, 5:20 na yamma)

Innalillahi. Jikina ya yi sanyi. Allah ya ba tsohuwar nan haƙuri.

Ɗan Pratunam (Asabar, 5:44 na yamma)

Sannu Malam. Ba irinsa nake nufi ba.

Ta Damagaram (Asabar, 8:09 na dare)

Yaya Baƙo, ƙanwar fa? Wa ke kai ta lakwal yanzu?

Baƙon Isan (Lahadi, 1:26 na rana)

An gyara babur ɗin, kakar ta sayar da buhun shinkafa uku ta biya. Ƙanwar ce ke tuƙo kanta. Sha biyu gare ta, in ta zo get sai ta zamo gefe ɗaya kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa.