Me zan duba kafin in sayi amfilifayar gitar bas ta hannu?

Mai tambaya: Salamu alaikum. An yi min tallar amfilifayar bas mai wat 100, haɗe da lasifikarta. Me ya kamata in gwada, kuma za ta isa wasa tare da mai ganga?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Je da gitarka da wayarka, ka bar ta a kunne minti 20, don wata matsalar sai ta ɗau zafi take fitowa. Ƙara murya ka kaɗa tsirkiya mafi kauri. Idan ka ji karkarwa, kashe ta, ka danna takardar lasifikar a hankali da yatsu kewaye da tsakiya. In tana gurza, koyil (naɗin wayar da ke cikin lasifikar) ya lalace, ka rage kuɗin sabuwar lasifika daga farashin. Ƙarar ƙas-ƙas wajen murɗa maɓalli yawanci ƙura ce, feshin wanke lantarki ya isa. Gurnanin da ba ya raguwa ko ka rufe murya kuwa, sau da yawa kafasito (na'urorin ciki masu tara wuta) ne suka tsufa. Kada ka buɗe da kanka, suna riƙe wuta bayan an cire soket.

Amsa ta 2: Wat 100 da kyar ne, ɗan'uwa. Nemi 200 zuwa 300.

Amsa ta 3: Karanta rubutun bayanta: wuta mai volt 110 take ci ko 220? Duba om ɗinta kuma, wato ma'aunin da ke nuna irin lasifikar da za ta iya ɗauka. In an rubuta 4, akwatin lasifika biyu masu om 8 daidai ne, amma biyu masu 4 sun koma 2, za ta iya yin zafi ta ƙone.