Malamai a kan dandamali: wa ya taɓa hawa, yaya aka ƙare?

Malamar aji biyar:
Salamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Makarantarmu ta shirya wasan nuna baiwa don tara wa marayu kuɗi, an sa ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya. Shugabar makaranta ta ce dole kowane malami ya fito, ni an rubuta ni a waƙa. Muryar ba ta dame ni ba, raini nake tsoro. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Yaron da ya ga jikina na ɓari yau, gobe in ce ya yi shiru zai ji? Wanda ya taɓa yi, don Allah ya ba ni labari.

Malamin lissafi:
Malama, zauna ki sha labari. Ni ban iya waƙa ba, sai na ce zan karanta zuciyar ɗalibi. Na rubuta 1089 a takarda, na rufe a ambulan, na miƙa wa shugaban makaranta. Dabarar ita ce: a zaɓi lamba mai gida uku, a juya ta, a cire ƙaramar daga babbar, a juya amsar, a tara su. Ɗauki 732: cire 237, saura 495, tara da 594, ga 1089. Sharaɗin kawai shi ne lambar farko da ta ƙarshe su bambanta da aƙalla 2. To, wannan sharaɗin na manta ban faɗa ba. Wata yarinya ta zaɓi 423, ta cire 324, ta samu 99, ta juya shi bai juyu ba, ta tara ta ce 198. Shugaba ya buɗe ambulan ya karanta 1089 da babbar murya, harda ɗaga takarda sama. Ɗakin taro ya ɗauki dariya, iyaye har da masu share hawaye. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma aji, wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba ya zo allo ya nuna mini cewa da an rubuta 099, juyinsa 990 ne, kuma amsata ce za ta fito. Kwana ya yi yana bincike don ya wanke malaminsa. Raini dai ban gan shi ba.

Ma'ajin kwamitin wasa:
Ni ta wajen kuɗi zan yi magana. Kuɗin shiga bai tara mana abin kirki ba. Akwatuna ne suka yi aiki: kowane malami da nasa, kuɗin da aka jefa shi ne ƙuri'a. Wanda ya lashe kuwa malamin ladabtarwa ne, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya fito ya kwaikwayi yadda yara ke shirga ƙarya in sun makara. Amma ku ƙirga kuɗin a ranar, gaban wakilin iyaye da ɗalibai biyu, ku faɗi abin da aka kashe a hayar lasifika, ku liƙa rasidin waɗanda aka kai wa a allon sanarwa. Shekarar farko ba mu yi haka ba, tsegumi ya bi mu har ƙarshen zango, alhali ko sisi bai ɓata ba.

Malamar Turanci:
Ku yi haƙuri, ni ban ji daɗinsa ba. Tilasta mini aka yi, na yi rawa cikin rukuni, na zame na faɗi. Wani ya ɗauka a waya, kafin dare ya zagaye WhatsApp na iyaye, yara suka laƙaba mini sunan da shekara biyu bai bar ni ba. Kalmar "dole" ɗin nan ce ban yarda da ita ba, 'yar'uwa. Aikin alheri ne, wanda ba ya son hawa a ba shi tsaron ƙofa ko akwati. Kuma a yanke maganar ɗaukar bidiyo tun kafin ranar.

Malamin kimiyya:
Ki gwada makirufo tun da safe, kuma kada ki tsaya gaban lasifika. In sautin ya koma cikin makirufo ya sake fitowa, shi ke kawo ƙarar nan mai tsaga kunne. Ita ta cinye mini baitin farko.

Malamar aji biyar:
Na gode ƙwarai. Malama, na kai wa shugabarmu maganarki, ta janye dolen, mutum uku sun koma akwati. Ni zan hau, amma tare da abokiyar aikina, ita baiti ni amshi. Malam ma'aji, akwatunan a buɗe kuke barinsu ana ganin wanda ke gaba, ko a rufe har ƙarshe?