Neman Shawara: An Kira Ni Aiki a Gandun Yankari, Kawuna Kuma Maharbi Ne

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan.

Ni ɗan ƙaramar hukumar Alkaleri ne, ƙauyenmu a ƙasar Duguri yake, daga gonarmu kana hango inda dajin Yankari ya fara. Na yi difloma a kwalejin kula da namun daji ta tarayya da ke New Bussa. Tun da na gama, shekara biyu ke nan ina jire wa yayana shagon kayan waya a Bauchi. Makon jiya aka kira ni, wai sunana ya fito cikin waɗanda za a ɗauka aikin gandun. An tambaye ni ɓangaren da na fi so, sintiri a cikin daji ko zagayawa da baƙi a sansanin Wikki, ko da yake ba a yi mini alkawarin komai ba.

Inna ta ce muddin tana numfashi ba zan ɗauki bindiga in shiga dajin nan ba. Yaya ya ce in haƙura zuwa baɗi zai buɗe mini nawa shagon. Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Ƙanen mahaifiyata maharbi ne, kowa a garinmu ya san inda yake samo naman da yake bandawa. Da kuɗin bandar nan ya biya mini jarrabawar fita sakandare lokacin da Baba ya rasu. Idan na sa kaki muka yi kiciɓis da shi a bakin kogin Gaji, yaya zan yi? Ina son aikin, shi na karanta. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Abu Hanan:
Aikin gwamnati a wannan marra kake wa shawara? Karɓi takardarka malam, sauran bayani daga baya.

Tsohon Renja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na daɗe cikin wannan kakin da kake magana, na shiga Yankari tun tana hannun tarayya. Ka san an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun jihar Bauchi. Duk wannan sauyin hannu bai canja wa renja komai a ƙafarsa ba, ƙayar da ta soke mu jiya ita za ta soke ka gobe.

Bari in gaya maka yadda sintiri yake, don kada ka ɗauka irin na hoto ne. Mota za ta sauke ku, ku shida ko bakwai, a wani wuri da ko sabis babu. Kowa da garinsa, da shinkafa, da ƙuli, da galan ɗin ruwa. Wajen mako guda za ku yi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba a gama shi da ƙafa, sai dai a bi sawu. Za ka koyi bambanta kashin ɓauna na jiya da na shekaranjiya, ka gane ciyawar da ƙafar mutum ta kwantar da wadda gwanki ya kwantar. Idan ka ga ungulu na shawagi wuri ɗaya, akwai mushe ko sansanin masu banda. Da dare ba a hura wuta babba, ba a tari da ƙarfi. Tsando kuwa a kurmin Gaji ba ya jin kaki, ta cikin riga yake cizo, kuma shuɗin kaya da baƙi yake bi, ka kiyaye.

Yawancin kwanaki ba za ka haɗu da kowa ba. Tarkon waya za ka yi ta kwancewa. Na taɓa tarar da mazo a tarko, wayar ta ci ƙafar har ƙashi, ya yi ta zagaye bishiyar har ya share ƙasar wurin tas kamar an yi shara. Wanda ya ɗana bai dawo dubawa ba. Naman ma bai ci ba, ya ruɓe a banza. Ranar na daina jin nauyin kama mai tarko.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye maka ba. An kashe ma'aikata a dajin nan, mun yi jana'iza da hannunmu. Innarka ba shirme take yi ba. Amma aikin ya samu tsari fiye da zamaninmu. Tun da WCS, ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa da ƙasa, ta shigo, musamman daga 2014 da aka ba ta hannu a harkar tsaron gandun, ana fita da na'urar da ke nuna duk inda aka taka, an sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda garken yake ta tauraron ɗan'adam. Bayan 2015 an kwashe shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka kashe don haure ba. Mu da muka ga lokacin da ake tarar da giwa an sare mata fuska mun san abin da wannan yake nufi.

Maganar kawunka zan dawo kanta, bari in ji ta bakin wasu.

Maman Khalifa:
Ni dai ƙanena, ta Inna nake ji. Kada ka kuskura ka tafi tana kuka. Ka samu wani babba da take jin nauyinsa, ko liman ko yayanta, ya zaunar da ita. Kuma idan da hali ka kai ta Wikki ta gani da idonta. Da yawa daga iyayenmu da ke maƙwabtaka da wurin ba su taɓa shiga ba, labarin zaki da 'yan bindiga kawai suke ji.

Jagoran Baƙi:
Baba Tsohon Renja ya faɗi nasu, bari in faɗi namu, don mutane na ɗauka mu 'yan hutu ne.

Na yi shekaru ina hawa motar zagaye da baƙi. Aikin nan baki ne da haƙuri. Mutum ya taso daga Legas ko Kano, ya biya kuɗinsa, yana hawa mota zai ce maka "ina zakin?" Zakunan Yankari 'yan kaɗan ne, su da na Kainji su ne ragowar zakunan ƙasar nan, ni kaina sai in yi wata da watanni ban sa su a ido ba. Giwa ma sa'a ce, in ba a tsakiyar rani ba, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwan daji ya ƙafe komai ya gangaro Gaji. Da damina ciyawa ta fi mutum tsayi, sai ka yi awa biyu ba a ga komai ba sai gwambaza da mugun dawa. To a nan ake gane jagora. Wanda ya iya, zai tsayar da mota a kan sawun giwa ya sa yaro ya saka ƙafarsa a ciki, ya nuna musu kukar da giwa ta ɓare, ya kai su kogunan Marshall da aka haƙa a jikin dutse da rijiyoyin Dukkey ya ba su labarin mutanen da suka zauna a dajin kafin a keɓe shi. Su sauka suna murna ba su ga zaki ba. Wanda bai iya ba, zai dawo da mota cike da masu tsaki.

Sai ruwan Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, garau kana ganin yashin ƙasa. Wannan garau ɗin ne ke yaudarar mutane, sai a ɗauka ba zurfi, alhali ta wajen dutsen da ruwan ke ɓuɓɓugowa yana shanye mutum. Ranar Sallah ko Kirsimeti, ko motocin 'yan makaranta sun zo, idonka ba zai bar kan ruwa ba ko na minti ɗaya.

Ga kuma birai. Gwaggon birin Wikki ya san ƙarar leda, ya san ɗakin da ba a sa wa sakata ba. Ina tsaye wata baiwar Allah ta ajiye kular abinci a kan but ɗin mota ta juya ɗauko yaro, kafin ta waigo wani ƙato ya rungume kular ya haye rufin ɗaki, ya buɗe ta a gabanmu yana ci yana kallonta. Ni aka yi wa faɗan.

Shawarata: tunda kana da Turanci da karatun dabbobi, ka nemi ɓangarenmu. Ka haddace sunayen tsuntsaye, akwai sama da iri 350 a dajin, kuma masu zuwa kallon tsuntsu sun fi kowa daɗewa da kyauta. Sai dai ka sani, wanda bai taɓa sintiri ba jagorancinsa na littafi ne.

Ɗan Gwana:
Kowa na ta yabon giwa. Ni manomi ne a gefen dajin. Shekarar da garke ya shiga gonata, dare ɗaya suka gama da dawar da na yi wata huɗu ina wahala a kanta, muna kan bishiya muna buga garwa suna ci abinsu. Ba na zagin kowa, dabba ce. Amma idan ka shiga aikin nan, kada ka zama irin waɗanda kaki ke sa su manta hatsin da ya raine su. Wanda aka cinye wa gona, gobe ka gan shi da tarko, ka san daga inda abin ya faro. Masu gadin giwa da ake ɗauka daga ƙauyuka suna buga waya idan garke ya doso, wannan ya taimaka. Irinku 'yan gida muke so a ciki, masu jin yarenmu.

Issoufou na Dosso:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan muna da raƙuman dawa a Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura wajen 50 suka rage, yanzu sun haura 600. Ba bindiga ta maido su ba, mutanen karkarar ne aka jawo, 'ya'yansu suka zama masu kai baƙi, kuɗi na shigowa gari. Amma kada a ce maka ɓangaren baƙi ba haɗari. A watan Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da direbansu da jagoransu. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Abincin jagora yana rataye da zaman lafiya, ka sa wannan a lissafi.

Ba Ruwana:
Ni tambaya ɗaya zan ce ka yi kafin ka saki shago: ɗaukar dindindin ce ko ta wucin gadi? Na yi aiki a wani gandu da ba zan kama suna ba, ba a jiharku ba. Shekara uku ina "za a tabbatar da ku", alawus sai an ga dama, takalmin sintiri da kuɗina na saya. Ka ga takarda da idonka, ka ga matakin albashi, ka tambaya ko akwai fansho, kuma idan mutum ya ji rauni a daji wa ke biyan asibiti. Kada kunya ta hana ka.

Malam Na Tsangaya:
Ka yi istihara, ka nemi yardar mahaifiya. Game da halaccin aikin kuwa kada ka yi shakka, keɓe fili don maslahar jama'a abu ne sananne a Musulunci, hima ake ce masa, Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ma ya keɓe Rabaza. Amana ce za a ba ka, kuma amana ba ta san kawu ba. Shi ya sa tun yanzu ya kamata ka auna ko za ka iya ɗauka.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba Ruwana, gobe zan je in tambayi maganar takardar. Baba Tsohon Renja, ina jiran maganar Kawu, ita ce ta fi damuna.

Tsohon Renja:
To ɗana. Kada ka jira bakin Gaji. Ka je gidansa kafin ka sa hannu a komai, da goronka, ka durƙusa ka ce Kawu ga abin da karatun da ka biya ya haifar. Ka bar shi ya yi magana. Maharbin gaske ba wawa ba ne, ya fi ka sanin cewa naman da yake samu a kwana biyu a da, yanzu sai ya yi mako. Mafi iya bin sawu da na taɓa aiki da shi tsohon maharbi ne da ya ajiye harba-ka-ruga ya karɓi kaki, shi ya koya mini rabin abin da na rubuta a sama.

Sannan ranar da ka kama aiki, ka gaya wa shugabanka gaskiya da bakinka: ina da ɗan'uwa maharbi a wuri kaza. Ana iya tura ka wani shiyyar, dajin da faɗi. Idan ka ɓoye, ranar da aka fita kame aka tarar da sansani wayam, kai za a fara kallo ko ba ka ce uffan ba. Kuma ka shirya, a garinku za a daina wasu hirarraki idan ka iso majalisa. Ni har ɗaurin auren ɗan ƙanwata aka yi ba a gaya mini ba, don na kama surukinsu da shanu a cikin gandu. Sai da aka shekara biyu muka koma gaisawa.

In ka ji ba za ka iya wannan ba, ka nemi Wikki kamar yadda Jagora ya ce, ko ka riƙe shagon yayanka, ba abin kunya ba ne.

Mai neman shawara:
Na ji Baba. Ranar Juma'a zan tafi gida, zan fara da Kawu kafin Inna, don in ya yarda shi ne zai iya shawo kanta. Zan dawo in gaya muku yadda muka yi. Jagora, don Allah ka duba saƙo, ina son sunan littafin tsuntsayen da kuke amfani da shi.

Jagoran Baƙi:
Na gani, zan turo maka hoton bangonsa. In ka zo tantancewa ta ƙarshe kada ka riƙo leda a hannu.