Warehouse 13: almarar kimiyya ce ko tatsuniyar laya da guru?

Baban Zahra, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na kammala zango na 5 na Warehouse 13, wanda ƙanena ya tura mini a waya tun kafin azumi, kuma akwai maganar da nake so mu tattauna tsakani da Allah. Ga waɗanda ba su kalla ba, shiri ne mai dogon zango da tashar Syfy ta Amurka ta nuna daga 2009 zuwa 2014, kashi 64 gaba ɗaya. Labarin jami'ai biyu ne, Pete da Myka, da aka ɗauke su daga aikin tsaron shugaban ƙasa aka tura su wani ƙaton sito a jihar Dakota ta Kudu, inda aikinsu shi ne bin sawun tsofaffin kayayyaki masu ɓoyayyen ƙarfi, su raba mutane da su, su kai su sito a kulle. Duk inda ka duba sai ka ga an kira shi almarar kimiyya. Ni kuwa ra'ayina shi ne babu kimiyya a cikinsa ko ta sisin kwabo, tatsuniyar laya da guru da kambu ce irin wadda muka tashi muna ji a bakin kakanninmu, illa dai an sa mata kwat da safar hannu. Tun a kashi na farko, matsefin kai na wata mata 'yar Italiya, Lucrezia Borgia, shi ne ke juya hankalin mutane su aikata abin da mai riƙe da shi take so. Idan wannan ba asirin mallaka ba ne, a gaya mini sunansa.

Malamin Fisiks, Pantami:
Wa'alaikumus salam, Baban Zahra. Ban yarda da kai ba, kuma dalilina shi ne ka dubi kayan ka bar mutanen da ke mu'amala da su. Boka idan ya ba ka laya yakan hana ka buɗe ta, ya hana ka tambaya, domin ƙarfin sana'arsa yana cikin duhun da ya bar ka a ciki. Mutanen wannan sito kuwa akasin haka suke yi: suna rubuta sunan kowane kaya da tarihinsa da illarsa, suna ajiye shi a kanta da takarda a jikinsa, sannan suna da ruwan nan mai kauri launin shunayya da ke kashe ƙarfin kayan ko wane ne ya tsoma shi, ba tare da surkulle ko yanka ba. Ka tuna misalin da Artie, dattijon da ke kula da sito, ya kawo a kashi na farko, cewa da a ce rediyo ta faɗo hannun Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, a zamaninsa da ba a san rediyo ba, abin da zai yi shi ne ya kulle ta har sai ya tabbatar ba za ta kashe shi ba. Wannan shi ne tushen shirin: abin da ba a gane ba tukuna, a killace shi har ilimi ya iso gare shi.

Kuma kada mu ɗauka a duniyar zahiri babu kayan da ke ɗauke da cutarwar da ido ba ya gani. Marie Curie da mijinta sun gano sinadarin radiyam a 1898, ita ta rasu a 1934, amma har yau littattafan da take rubuta bayanan bincikenta a ciki suna ajiye a birnin Faris cikin akwatunan da aka yi wa shafen dalma, domin suna fitar da tururin da ke cutar da jiki, kuma sai an yi kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfin radiyam ɗin ya ragu da rabi. Da za ka ba kakan kakanka labarin littafin da ke sa mai yawan taɓa shi ciwo bayan mutuwar mai shi, me kake tsammani zai kira shi?

Baban Zahra:
Malam, misalinka yana da ƙarfi, amma ina ganin ni ya taimaka wa. Littafin Marie Curie yana cutarwa ne saboda ƙurar radiyam da ta maƙale a takardarsa, abin da za a iya aunawa da na'ura a faɗi adadinsa, kuma da ƙurar ta zuba a kan littafin mai shara a ɗakin binciken, haka shi ma zai cutar. Sinadarin bai san wace ce Marie Curie ba. A cikin shirin kuwa matsefin yana aiki ne saboda na Lucrezia ne, halinta ne ya shige shi. Wannan ita ce ainihin aƙidar da ta sa ake neman gashin mutum ko sawun ƙafarsa ko tsumman rigarsa a kai wa boka, wato cewa wani abu na mutum yana zama a jikin kayansa. A shekara biyar ɗin shirin ban ga inda suka auna wannan ƙarfi suka ce ga nauyinsa ba. Rubuta sunan laya a rijista ba ya mayar da ita maganin asibiti.

Maman Khalil, Jekadafari:
Ina goyon bayan Baban Zahra, kuma zan ƙara da abin da na gani da idona. Lokacin da kakanmu ya rasu aka buɗe adakarsa don rabon gado, a ƙarƙashin rigunansa muka tarar da guru guda da layu wajen goma, an ɗinke su da jar fata da ta yi baƙi saboda gumi, wasu ɗinkin ya fara warwarewa har gefen takardar ciki ya leƙo. Gwaggonmu ta hana kowa taɓawa da hannu, ta sa aka kwashe su da tsumma, sannan ta zauna tana faɗa mana ko wanne da sharaɗinsa: wannan ba a shiga bayi da shi, wancan mai ɗaura shi ba ya cin wani nau'in nama, idan ya karya kuwa abin kansa zai koma. Da na ga Myka tana sa safar hannu kafin ta ɗauki kaya, wallahi tsumman gwaggo na tuna.

Sharaɗin nan shi ne hujjata. A shirin kusan babu kayan da ke ba ka biyan buƙata bai karɓi wani abu a wurinka ba, kuma sau da yawa abin da yake karɓa hukunci ne a kan halinka. Ku dubi abin da ya faru bayan an tarwatsa sito da bam a ƙarshen zango na 3. Artie ya yi amfani da asturlabin (na'urar auna taurari) matuƙin jirgin ruwa Ferdinand Magellan ya mayar da lokaci baya da awa 24, ya ceto sito da waɗanda suka mutu, amma sai wani mugun abu ya tsiro a cikin ransa, ya riƙa ganin mutumin da babu shi, har ya kai ga kashe Leena da hannunsa, matar da ke riƙe da masaukin da suke kwana. Malam, wace doka ce a fisiks ta ce wanda ya juya lokaci zai zama mugu? Wannan ai labarin wanda ya je wurin boka neman dukiya ne aka ce masa zai samu, amma a bakin wani nasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne asturlabi kayan ilimi ne na gaske, malaman Musulunci sun daɗe suna amfani da shi wajen auna tsayin rana da taurari don sanin lokacin salla da alƙibla, masu jiragen ruwa irin Magellan da ya tashi daga Sifen a 1519 kuma suna gane inda suke a teku da irinsa. Sai ga shirin da ake kira na kimiyya ya ɗauki na'urar lissafi ya mayar da ita guru.

Malamin Fisiks:
Hajiya, a kan asturlabi na sallama miki, babu wata kimiyya a wannan ɓangaren, kuma ni ma ban ji daɗin yadda aka ja labarin a farkon zango na 4 ba. Sai dai ba a yanke wa shiri mai kashi 64 hukunci da kaya ɗaya. Akwatin da suke magana da juna ido da ido sunansa Farnsworth, sunan Philo Farnsworth ne, wanda ya gwada talabijin mai aiki da lantarki a 1927, bindigar da suke sumar da mutane da ita kuma an jingina ta ga Nikola Tesla, masanin wutar lantarki. Ɗalibaina biyu na aji biyar sun zo mini da tambaya a kan Tesla bayan sun kalli shirin, muka shafe darasi guda a kan yadda wutar lantarkin da ake kawo mana gida take sauya alkibla sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Labarin guru bai taɓa turo mini yaro da irin wannan tambaya ba.

Ɗan Bolari:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki duk da ni ne ƙarami a nan. Akwai wani wuri a zango na 4 da nake ganin marubutan sun amsa tambayar da kansu. Misis Frederic, shugabar sito, ta ɗauki Claudia, wata matashiya da ke aiki a siton, ta kai ta wani shagon gwala-gwalai don ta ga yadda ake haihuwar irin waɗannan kaya. 'Yan fashi suka shigo, wata mata ta tare wa jariri harsashi da jikinta, nan take abin hannunta ya ɗauki ƙarfi. Ba wani sinadari, ba wata na'ura, sadaukarwar matar ce kawai ta shiga ƙarfen. Saboda haka a kan asalin kayan, Baban Zahra ya fi gaskiya. Inda na rabu da shi da Anti Maman Khalil shi ne kiran abin tsafi. A tsafi akwai wanda ake roƙo, akwai aljani ko dodo da ake yi wa yanka, akwai mai shiga tsakani da ake biya. A nan babu ko ɗaya, matar ba ta nemi komai a wurin kowa ba, ba ta ma san abin ya faru ba. Ni na fi kallonsa a matsayin hanyar da marubutan suka bi su ce abin da mutum ya aikata ba ya mutuwa tare da shi.

Baban Zahra:
Ƙanena, ka kawo magana mai ma'ana, kuma na karɓi gyaranka a kan kalmar tsafi, domin gaskiya ne ba a kiran kowa a shirin. Amma ka lura ka bar Malam shi kaɗai, tunda kai ma ka yarda cewa ƙarfin daga zuciyar mutum yake fitowa. Abin da ya sa na damu da sunan da ake ba shi shi ne Zahra tana zama kusa da ni idan ina kallo, shekararta goma sha ɗaya. Idan na ce mata tatsuniya ce, ta san matsayin tatsuniya, ta san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa rayuwa ba. Idan kuwa na ce mata kimiyya ce, na buɗe mata ƙofar yarda cewa ƙarfe ko fata na iya riƙe wani iko na kansa, alhali wannan ne abin da malamanmu suka daɗe suna jan kunne a kai game da rataya laya.

Malamin Fisiks:
Baban Zahra, a wannan muna tare, ni ma ba zan ce wa yaro matsefi na iya juya zuciya ba. Abin da ban janye ba shi ne cewa halin da shirin ke koyarwa game da abin da ba a sani ba, wato a rubuta, a gwada, a killace, kada a yi masa sujada kuma kada a yi kasuwanci da shi, halin ɗakin bincike ne. Hajiya, ina da tambaya gare ki, don amsarki za ta nuna mana wani abu: layun nan na adakar kakanku, a ƙarshe buɗe su aka yi aka karanta abin da ke ciki, ko kuwa haka aka rabu da su a ɗinke?

Maman Khalil:
Ba a buɗe ko ɗaya ba, Malam. Yayanmu ya so ya farke guda ya ga rubutun, gwaggo ta hana, aka kai su wurin limamin unguwa a cikin tsumman nan, shi ne ya ce a bar masa su.