Yara uku, ɗaki biyu, hutu sai Oktoba: me zan ba su su yi?

Maman Auta (Karkada, Damagaram):
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi. Yara uku gare ni, namiji mai shekara 7 da ya gama CI, wato ajin farko na firamare, mace mai 5 tana jardan (ajin share fagen firamare), sai auta mai 3 da 'yan watanni. Tunda aka ba da hutu ban ƙara shan fura a zaune ba, ga shi sai Oktoba za a koma lakwal. Gidan haya muke, ɗaki biyu da 'yar rumfa, tsakar gidan kuma mu huɗu muke raba ta. Da can a Garin Malam muke, gidan surukaina, to abin da ya faru ya faru. Amma ku sani ba ni na ce mu tashi ba, kuma ranar da muka kwashe kaya ko ludayi ban ɗauko wanda ba nawa ba, har tabarmar da ake ta magana a kanta innata ce ta saya mini da bikina, akwai shaidu. Bari dai in bar wannan. Maigidan direban kamiyo ne, hanyar Agadas yake bi ta Tanut, sai mu yi sati biyu ba mu sa shi a ido ba.

Shekaranjiya na sayi bido biyu wajen mai garuwa, don pampo kwana uku ko ɗigo. Na ta da salla, kafin in sallame babban ya tuntsurar da guda ya yi wa shanunsa na laka tapki. Da na kama kunnensa cewa ya yi, "Mama ai su ma tun jiya ba su sha ba." Ita kuwa ta tsakiyar, tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa ta yi dariya, yarinya ta leƙa bakinta ta ce, "Kaka, ke ƙadangare kika nuna wa giɓinki?" Don mun hana ta nuna nata, wai haƙorin ba zai fito ba. Kamar ƙasa ta tsage in shige. In na kunna tele a ɗan samu lafiya, kuran ya ɗauke su dawo kaina. Wayata ta zama tasu. Waje kuma ba na barinsu. Ku me kuke ba naku su yi?

Hajiya ta Birni:
'Yata, ba hutu ne ya yi yawa ba, aiki ne ya yi kaɗan. Tara na haifa, takwas na raye, babu wanda ya taɓa tsayawa gabana ya ce ya gaji da zama. Makarantar allo safe da yamma. In an dawo, namijin ya ɗau tsintsiya, macen ki zuba mata wake a faifai ta tsince, autan ki ba shi ɓarar gujiya ko da rabi zai cinye. Wanda ya zubar da ruwa kuma ya kwana da sanin ya zubar. Mu da muka tashi muna bin layin rijiya tun asuba, bido guda ba abin wasa ba ne a garin nan.

Maman Auta:
Na gode Hajiya. Ai suna zuwa allo, manyan biyu. Amma kafin hantsi ya ɗaga an tashe su, Alhamis da Juma'a kuma babu karatu gaba ɗaya. Tsintar waken ma na gwada, ta ware masu ƙwari gefe guda ta ce waɗannan 'yan haya ne, kada a kore su.

Maman 'Yan Biyu:
Wayyo cikina, 'yan haya! Ai ke da sauƙi. Nawa na kai su Birni wajen gwaggona, suka ga manyan duwatsun nan da suka hau kan juna, Hasan ya ce wane yaro ne ya yi wasa da su bai kwashe ba, Husaini ya ce ai uwarsa ba ta duka. Ni abin da ya dame ni ba nawa ba ne, na abokiyar zamana ne. Ranar girkina duk a ɗakina suke wuni, su ci su watsa, in na yi magana a ce na tsani 'ya'yan miji. Ranar girkinta kuwa ƙofarta a kulle, wai tana barci. Shekara huɗu ina haƙuri, maigidan ya sani sarai amma bakinsa ƙanin ƙafarsa.

Madam daga Mirya:
Maman Auta, ni jardan nake koyarwa, yara sama da yadda kike zato nake wuni da su. Abin da na lura, yaro ba kayan wasa yake nema ba, abin da zai taɓa da hannunsa ya canza shi yake nema. Wanda ya yi shanun laka ai ya nuna miki hanya. Ki ware masa ruwan ɗaurayar kwanoni a tsohon gwangwani, ki ce wannan ne rabon shanu na yini, in ya ƙare sai gobe. Ki tara murafun kwalba, macen ta jera su goma-goma, ta ware launi da launi, ta koyi ƙirga ba ta sani ba. Karan dawa da ƙaya su yi mota, ardwaz (ƙaramin allon lakwal) da alli su zana ta. Bayan magariba in kuran ya tafi, ga lokacin gatanan gatananku ya samu, ki ba su Gizo da Ƙoƙi ki tsaya a tsakiya, su ƙarasa da bakinsu. Batun waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a yini yana kallon gilashi, ƙasa da haka ya fi. Autanki yana ciki.

Hajiya ta Birni:
Madam, da girmanki. Sai an jira Turawa sun faɗa sannan a san waya ba ta yaro ba ce? Kuma ruwan ɗauraya ai lada ne kika ba shi a kan ɓarna. Gobe randa zai fasa.

Maman Auta:
Madam na gode, amma tatsuniya ni da magariba na riga na mutu. Wayar kuma ba don son raina ba ne, ta nan suke ganin babansu. Autan ma jiya ya kai lomar tuwo jikin gilashin, ya ce Baba ya buɗe baki. Yaya zan ƙwace? Murafun kwalba kuwa shi komai baki yake kaiwa.

Inna Mai Alkaki:
Ki tura manyan ƙauye mana. Damina ce, ana noma, su bi kakanni gona, su ga yadda hatsi yake fitowa. Nawa duk hutu Matamai suke yi, su dawo sun yi baƙi sun yi ƙwari, har langa da carafke sun iya.

Anti Nas:
In za a tura ƙauye a haɗa da gidan sauro, a tabbatar ana ɗaurawa. Yanzu ne lokacin masassara. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa wata-wata da damina na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ne, kuma kwana uku ake sha a jere, ba na ranar farko kaɗai ba. Mata da yawa sai su ajiye sauran biyun a kan kwaba. Maman Auta, naki ya sha na wannan watan? Kuma ba ki gaya mana dalilin hana su fita ba.

Maman Auta:
Ya sha na farko, na biyun ya tofar. Ƙauye kuma na dangin babansu ne, kun dai ji yadda muke. Fita kuwa, bayan gidanmu akwai ramin da aka haƙi ƙasar bulo, ruwan sama biyu ya cika shi taf, yaran unguwa can suke wuni suna iyo. Gaban gida kuma 'yan kabu-kabu kamar an koro su. Ni kaɗai ce, idona biyu ne.

Hajiya ta Birni:
To wa bai yi wanka a tapki ba cikinmu? Tsoro ba ya raino. Ki haɗa su da babbar yarinya a gidan ta riƙa duba su. Kin kulle yara kamar kajin gidan gona, sannan kina mamaki suna tsattsage ki. Kuma ki je ki gaida surukarki, ko don yaran. Ranar Alhamis da babu allo ki ratsa Kasuwar Dole ki sayi goro ki kai mata, ki bar mata su zuwa la'asar.

Anti Nas:
Hajiya a nan kam ban bi ki ba. Ramin bulo ba tapkin da kika sani ba ne, gefensa a tsaye yake, yaro in ya zame babu inda zai dafa. Kuma yarinya 'yar shekara goma ba ta ceton kowa.

Maman Auta:
Hajiya, ba ki san matar nan ba ne shi ya sa. Da Sallah na je, ko ruwa ba a ba ni ba. Ni dai abin da za su yi daga hantsi zuwa la'asar nake tambaya, ba sulhu ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ke dai ki gode Allah ba ki da kishiya. Wai ni pampo ya zo a wajenku? Mu nan Sabon Gari tun daren jiya bokitaina suke layi.