Me za mu kira "ovulation" idan zomanya ake magana?

1/ Salamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon zomo a Maradi. Takardun kiwo da ke zuwa hannunmu da Faransanci suke, kalmar "ovulation" kuma ta cika su, wato rabuwar ƙwai da gidan ƙwai a cikin jikin mace. Wasunmu na fassara ta da "saka ƙwai", wanda kuwa ya ji haka kaza zai tuna. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya.

2/ Zomanya ba ta da ranar da ƙwanta ke fita da kansa kamar na saniya ko akuya. Sai namiji ya hau ta, sannan bayan awa 10 zuwa 12 gidan ƙwai ya saki ƙwayayen. Walter Heape, wani masani ɗan Ingila, ya bayyana haka a 1905. Raƙuma da kyanwa ma haka suke.

3/ Wani dattijo daga Tibiri ya rubuto: "Ɗana, ka ce fitar ƙwai mana." Baba, Allah ya ja da kwana, amma "fita" na nuna ƙwan ya fito don kansa. Na zomanya riƙe yake, barbara ce ke sa a sake shi. Shi ya sa na fi son "sakin ƙwai", irin na zomanya kuma mu ce "sakin barbara".

4/ Wannan ya shafi aljihunmu. Idan aka haɗa mata a keji ɗaya suna hawan juna, ƙwai kan iya sakuwa ba maniyyi. Sai ta yi cikin ƙarya na kwana 16 zuwa 18, har ta riƙa tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa, mai ita na ta zuba mata harawa yana jiran 'ya'ya.

5/ Saura tafiyar ƙwan, ita ma tana son suna. Bakin bututun da ke kai shi daga gidan ƙwai zuwa mahaifa buɗe yake kamar mazurari, wasu 'yan sile-sile a ciki su janyo ƙwan, can sama ya haɗu da maniyyi. Bututun na matsawa yana tura shi, yana shafa masa yauƙi mai kauri, sai wajen kwana 3 ya isa mahaifa. Wajen kwana na 7 ya manne, haihuwa kusan kwana 31.

Tunda ba da ƙafarsa yake tafiya ba, ni "rakiyar ƙwai" na zaɓa. Wata malamar asibitin dabbobi ta ce "jigilar ƙwai" ta fi, domin mai rakiya ba ya ɗaukar wanda ya raka. Malama, hujjarki na da ƙarfi. Masu raƙuma na Dakoro, ku da kuka san sakin barbara a aikace, wacce ta fi zauna muku a baki?